Hannunruwan Shugaba Zainulabidin

A shekarar da Alhaji Muhyiddeen ya ajiye makullin sito, bayan ya shekara goma sha tara yana riƙe da shugabancin Ƙungiyar 'Yan Goro ta Sabo a birnin Ibadan, damina ta fara ja da baya, an gama shagalin Maulidi da 'yan kwanaki, goro kuma ya fara nuna a gonakin Yarabawa. Tsufa ne ya sauke shi, ba mutum ba. Ni Rabe, magatakardan ƙungiya, shugabanni uku na yi wa aiki, abin da zan faɗa kuwa a gabana aka yi shi. Wani ma da hannuna aka yi, za a ji idan an zo wurin.

Baƙo zai ɗauka ƙungiyar 'yan kasuwa ce kawai. Mu da muke ciki mun san fada ce sosai. Muna da Waziri, muna da Madaki, muna da Sarkin Zango wanda ke zaune a Ojoo yana kula da motocin da ke kai goro Arewa, ga kuma majalisar dattawa bakwai. Akwai wata ƙa'ida da iyayenmu suka kafa tun ba a haife ni ba: duk wanda aka zaɓa shugaba, kwana arba'in na farko nasa ne. Abin da ya ce shi za a yi, majalisa ba ta da ikon hana shi. Ranar cikon arba'in sai dattawa su zauna. Shi kuwa ya ajiye makulli a kan tabarma, in sun gamsu su mayar masa da shi. In ba su gamsu ba, ya bar shi a kan tabarma ya koma rumfarsa, ba a sake zaɓensa har abada.

Kowa ya ɗauka Waziri Alhaji Alasan ne zai gaji kujerar. Shi ma haka ya ɗauka, har ya sa an ɗinka masa sabuwar babbar riga. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma ba a taɓa yin masanin goro kamarsa a Sabo ba. Ido rufe yakan shafa goro ya gaya maka yankin da ya fito. Amma da aka ƙirga ƙuri'u a harabar sito, sai samarin da aka haifa a Ibadan suka rinjaye shi da ƙuri'a uku tak. Suka zaɓi Zainulabidin ɗan Nata'ala, mai shekara talatin da takwas, wanda ya yi makarantar boko a Mokola, yake Yarabanci kamar da shi aka yaye shi. Waziri ya miƙa masa makulli da hannu biyu yadda al'ada ta tanada, ya yi masa addu'a. Rigar nan kuwa ba wanda ya gan ta a jikinsa.

Ba don son yarinta aka zaɓi Zainulabidin ba, wuya ce ta ishe mu. Mafi kyawun goron da Sabo ke kaiwa Arewa daga ƙauyukan Akinyele yake fitowa, duk kuma ta kasuwar Aba Elewe yake biyowa, wadda ke ci kwana biyar-biyar. Mata ne ke ɓare shi, su wanke, su kawo. Shugabarsu ita ce Iya Sakinat, tsohuwa gajera mai kaifin murya. In ta ce a sayar, a sayar. In ta ce a ɗaure kwando, ba mace ɗaya da za ta kwance nata. Shekara uku kafin wannan zaɓe, wani dillalinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don yana da 'ya'ya, ya tsinci goro ɗaya mai sankara a kwandonta. Maimakon ya ware shi ya yi shiru, sai ya sa ƙafa ya kifar da kwandon a tsakiyar kasuwa. Ranar nan Iya Sakinat ta ce a ɗaure kwanduna. Tun daga lokacin ko ƙwaya ɗaya ba ta sake shigowa Sabo daga Aba Elewe ba.

Sau uku Alhaji Muhyiddeen ya aika da ban haƙuri, kowace shekara sau ɗaya. Kowane karo Waziri ne ke zaɓen goron gaisuwa da hannunsa, fari tas, manya-manya, ƙwarya biyu, wato goro ɗari biyu, a jera shi cikin sabon ganye. Sau uku kwando ya dawo mana, an buɗe, an duba, an sake ɗaurewa. Muka ce girman kai ne da matar nan. Muka koma saye a hannun 'yan tsakiya, goron da ya sha hanya ya gaji. A wannan shekara manyan masu saye na Kano suka aiko da magana ɗaya. Kaka ta zo, aure-aure sun matso, in Sabo ba ta kawo goron da ta saba kawowa ba za su koma Shagamu, in sun koma kuwa ba za su dawo ba. Kowa ya san cewa da wannan kwando za a auna sabon shugaba ranar arba'in.

A al'adarmu, tafiyar farko ta sabon shugaba zuwa Kano ce, ya gai da manyan masu saye. Kwana uku da zaɓe Madaki ya zo ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, an shirya mota. Kano tana jira."

"Kano ta ɗan ƙara jira, Baba Madaki," in ji shugaba. "Me zan kai musu? Gaisuwa suna da ita. Goro suke nema."

Ya soke tafiyar da bakinsa, bai shawarci kowa ba. Ya ce in ɗauko takalmina. Tafiyar farko ta shugaban 'yan goron Sabo a wannan zamani da ƙafa aka yi ta, ba ta kuma wuce Mokola ba. Na bi shi ina jin kunya, don masu shayi duk sun bi mu da kallo.

Muka tsaya a shagon atamfa na wata mata mai suna Mubina, 'yar autar Iya Sakinat, wadda suka yi aji ɗaya da shi a firamare.

"Ah, Presido! E kaabo!" in ji ta, tana yi masa maraba da Yarabanci tana tafa hannu. "Yau Sabo ta tuna da hanyar Mokola?"

Suka shiga Yarabanci, ni kuwa ina tsintar ɗaya cikin uku. Da muka tashi tafiya sai ta juya da Hausa, ina jin don ni ma in ji.

"Mama ta ce ku Hausawa kun san goro, amma ba ku san gaisuwa ba. Iyakar abin da na ji ke nan dai, kada ka ce ni na faɗa."

Muna tsallaka titi ya tambaye ni abin da aka kai wa tsohuwar. Na gaya masa, har da alfahari. Ya tsaya cik a tsakiyar hanya, saura kaɗan ɗan acaba ya kwashe shi.

"Gbanja kuka kai mata? Har sau uku?"

"Goro muka kai, ranka ya daɗe. Wanda ya fi kowane kyau."

Ya yi dariya har sai da ya dafa kafaɗata. Na ji haushi ƙwarai, don ban ga abin dariya ba.

Ranar kwana tara ya tara majalisa a zauren sito, ya ba da umarninsa yana zaune, makulli a cinyarsa. Ya ce dillalin nan da ya kifar da kwando ba zai taka kowace kasuwar ƙauye da sunan Sabo ba har shekara guda. Dattawa suka gyaɗa kai, don da ma an daɗe ana son a faɗi haka an rasa mai faɗa. Ya ce shi da kansa zai je Aba Elewe, kuma Waziri zai raka shi. Waziri ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce goron gaisuwa na bana hannunruwa ne.

Dole in tsaya a nan, don wanda ba ɗan goro ba ba zai gane nauyin maganar ba. Goron da muke saye da sayarwa, wanda Yarabawa ke kira gbanja, gida biyu yake rabuwa. Hannunruwa kuwa ɗan ƙarami ne, yana rabuwa gida uku ko huɗu, ga yauƙi in an tauna. A wurinmu shi ne ƙashin bayan goro. Ba a kai shi ɗaurin aure, ba a kai shi suna, ko maroƙi ka ba shi sai ya yi maka waƙar da ba ka so.

Zaure ya kaure. Madaki ya yi salati. Waziri ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Allah ya ja zamanin shugaba," in ji shi a hankali. "Mun kai wa matar nan goron da ko surukaina ban taɓa kai wa irinsa ba, ta mayar. Yanzu mu kai mata abin da muke zubarwa? In ta mayar da fari, hannunruwa a fuska za ta watsa mana."

"Baba Waziri, su abata suke kiransa. Da shi suke neman aure, da shi suke ba da haƙuri. Na gani da idona a Mokola tun ina yaro."

"Matar da ta shekara arba'in tana sayar da goro ba ta san mai kyau ba ke nan?"

Wani dattijo ya ce ya ji da irin wannan goro ake duba a gidajen bokaye. Aka juya ga Malam Nu'uman, limamin zawiyarmu, wanda ke zama a majalisa don addu'a. Malam ya ce goro halittar Allah ne, wanda ya kai shi don sulhu ladan sulhu zai samu, wanda ya kai shi don wani abu dabam shi ya sani. Da haka aka rufe wannan ƙofa. Amma Waziri ya sake buɗe baki, sai shugaba ya ɗaga makulli.

"Kwana arba'in nawa ne, Baba. Na gama magana."

A nan ya yi kuskure, kuma na gaya masa daga baya. Gaskiya tana hannunsa, amma ya yi wa dattawa rowarta. Da ya zauna da Waziri awa ɗaya a kan tabarma, da bai sha abin da ya sha ba. Sabon iko yana da daɗi, wanda ya ɗanɗana shi bai cika son dogon bayani ba.

Aka nemi hannunruwa a Sabo kaf ba a samu ba, sai da aka je kasuwar Yarabawa aka sayo, mai sayarwa tana kallon ɗan aikenmu tana mamaki. Aka aika wa Iya Sakinat ta bakin 'yarta ana neman izinin zuwa. Ta bar mu muna jira mako huɗu. Sannan ta sa rana, ranar kasuwar da ta faɗo a kwana na talatin da takwas. Kafin nan labari ya gama Sabo. A teburin mai shayi ba a kiransa sai Shugaba Yauƙi, dattawa biyar cikin bakwai kuma sun riga sun gama shawara a zuciyarsu.

Ana gobe tafiya, bayan sallar La'asar, Waziri ya kira ni rumfarsa. Shi ya koya mini tsintar goro tun ina ɗan shekara goma sha biyu, shi ya tsaya mini a aurena. Ya janye wani buhu, sai ga kwando ɗaure tsaf, iri ɗaya da na shugaba har igiyar.

"Rabe, kwana uku na yi ina zaɓensa. Gobe a Ojoo za ka musanya."

"Baba, umarnin shugaba ne."

"Na sani. Ba kujerarsa nake nema ba, Allah ne shaidata. Yaron nan zai tsaya a gaban mata ɗari da abin kunya a hannunsa, sunan Sabo a kansa. Ceto nake so in yi masa."

Na dube shi na ga da gaske yake, har idonsa ya kawo ruwa. Ni ma a zuciyata ban yarda da hannunruwan nan ba. Na ce to.

Da hantsi muka isa Ojoo. Shugaba ya sauka ya shiga rumfar Sarkin Zango don ya gai da direbobi, waɗanda motocinsu ke tsaye ba kaya tun farkon wata. Na buɗe bayan mota na yi abin da aka sa ni. Waziri ya ce in jefa na shugaba a bola. Na ɗauke shi na nufi bola, sai hannuna ya ƙi. Shekara arba'in ina cin abinci da goro, ban taɓa jefar da mai rai ba, ko da hannunruwa ne. Na waiga na ga Waziri yana kallon wani wuri, na cusa kwandon ƙarƙashin kujerar baya na rufe da darduma.

Kasuwar Aba Elewe tana ci muka isa. Mata sun fi ɗari, kowace da kwandonta ɗaure a gabanta, ƙamshin ɗanyen goro ya cika wurin har sai da na ji hawaye. An ajiye wa Iya Sakinat kujera a ƙarƙashin wata babbar bishiya. Shugaba ya cire takalmi tun daga nesa, ya je gabanta ya zube ƙasa yadda 'ya'yan Yarabawa ke yi wa iyayensu. Mata suka yi guɗa irin tasu. Waziri ya kau da kai, ya tsuguna daga gefe irin namu.

Shugaba ya yi magana da Yarabanci mai tsawo. Na ji ya ambaci kwandon da aka kifar, na ji ya ambaci hukuncin shekara guda. Fuskar tsohuwar ta fara sakewa. Ya yafuto ni, na kawo kwando na ajiye. Ya kwance igiya da hannunsa, ya buɗe ganye.

Farin goro ya bayyana, jere reras, yana sheƙi.

Ban taɓa ganin fuska ta mutu kamar tasa a lokacin ba. Ya dubi goron, ya dube ni. Iya Sakinat ta leƙa kwandon, ta koma ta jingina. Da ta buɗe baki da Hausa ta yi magana, Hausar kasuwa mai kauri, don kowa a cikinmu ya ji.

"Sau huɗu ke nan. Kun zubar mini da kaya a ƙasa, na yi shiru. Kuka aiko da kwando, na ce Alhamdu lillahi, Sabo ta zo ba da haƙuri. Na buɗe, sai ga gbanja. Na farkon ma goron gonata ne, na gane shi. Wanda ka sayar wa kaya ya mayar maka da kayanka, me yake gaya maka? Ga tsiyarki, ba mu so. Shekara ta zagayo kuka sake. Kuka sake. Yau kun zo da kanku ku faɗa mini a gaban 'ya'yana."

Waziri ya ɗago kai a hankali. Shekara hamsin da ɗoriya yana Ibadan, Yarabancinsa bai wuce ƙirga da neman ragi ba, bai kuma taɓa jin wannan magana ba. Ya miƙe, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mace ba.

"Iya, yaron nan ba shi da laifi. Abata ya kawo miki, ni na sa aka musanya. Duk sau huɗun ni na zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, da hannun nan. Wallahi ban taɓa zaɓa wa mahaifiyata irinsa ba. A wurinmu ba abin da ya fi wannan girmamawa."

Iya Sakinat ta dube shi ta daɗe.

"Kana nufin shekara uku haƙuri kuke ba ni?"

"Shekara uku, Iya."

"Ni kuma shekara uku ina jin zagi?"

Ta dafa gwiwa, kafaɗunta suka fara rawa. Muka ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ɗankwalinta ya zame. Ta juya ta fassara wa mata, kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Amma da ta share hawaye sai ta sake haɗe fuska.

"Na ji. Sai dai baki ba ya kwance kwando a garin nan. Ina abatan?"

Waziri ya runtse ido. "Yana bolar Ojoo," in ji shi.

A nan ne ni Rabe, wanda ya saɓa wa shugaba da safe, na matso na shaida cewa na saɓa wa Waziri ma. Na ruga mota da gudun da rabona da shi tun ina saurayi, na dawo da kwando a ka, darduma tana bina. Mata suka yi ta tafi. Na kai wa shugaba, sai ya girgiza kai.

"Ka ba wa Baba Waziri. Shi ya zaɓi huɗun farko, shi zai miƙa na biyar."

Waziri ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa, ya miƙa. Iya Sakinat ta tona ta ɗauko ɗaya mai gida huɗu, ta yi bisimilla, ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙa wa Sabo da Aba Elewe albarka, muna amsawa da amin. Ta fasa shi. Ta ɗauki gida ɗaya, ta ba shugaba ɗaya, ta ba ni ɗaya, ta ce na mai gudu ne. Na huɗun ta miƙa wa Waziri.

"Oya, Baba. Ci."

Jama'a, mutumin da ya shekara sittin yana tauna farin goro zalla, wanda ke wanke hannu in ya taɓa hannunruwa bisa kuskure, shi ne ya jefa shi a baki a gaban mata ɗari. Ya tauna sau ɗaya, gemunsa ya tsaya. Ya tauna na biyu, idonsa ya yi ja. Yauƙi ya kama masa harshe, ya rasa ta haɗiyewa ya rasa ta tofarwa. Duk kasuwa ta zuba masa ido. Da ƙyar ya haɗiye, ya yi ajiyar zuciya.

"Yaya, Baba?" in ji Iya Sakinat.

"Iya, tsakani da Allah ba daɗi," in ji Waziri. "Amma ƙaro mini."

Ban san wanda ya fara guɗa ba. Na dai ga tsohuwar ta ɗaga hannu ta faɗi kalma ɗaya, mata ɗari suka sunkuya a tare suka kwance igiyoyinsu. Farin goron Waziri kuwa ba ta mayar ba a wannan karo. Ta ce yanzu da ta san ma'anarsa za ta karɓa, ta raba wa matan kowace ƙwaya biyu. Kafin Azahar shugaba ya buga wa Sarkin Zango waya, kafin La'asar motoci uku sun iso daga Ojoo, direbobi na ta matsa ham tun daga bakin gari.

A hanyar komawa muka biyo ta Ojoo muka wuce. Sannan shugaba ya juyo daga kujerar gaba.

"Baba Waziri, na yi maka laifi a majalisa. Na ɗaga maka makulli, alhali bayani ya kamata in yi maka."

"Ni na yi maka wanda ya fi shi, ɗana. Ikon kwana arba'in yana hannunka har jibi. Ka yanke mini hukunci."

"Na yanke. Duk shekara kai za ka zaɓi abatan gaisuwa."

Waziri ya ce, "Da ka kore ni da ya fi sauƙi." Direba ya yi dariya har ya kusa hawa gefen titi. Ni dai ba a yanke mini komai ba, sai dai har yau in an ba ni saƙon kwando sai an tambaye ni ko na duba ƙarƙashin kujera.

Ranar cikon arba'in majalisa ta zauna bayan hantsi. Sito cike yake har ƙofa, ana ta ɗinkin huhu a harabar, da ƙyar muke jin juna. Shugaba ya ajiye makulli a kan tabarma yadda ƙa'ida ta ce, ya koma gefe. Sai ga Waziri ya shigo a makare, sanye da babbar rigar nan da aka ɗinka don ranar naɗinsa, tana ƙamshin adaka. Bai zauna ba. Ya sunkuya ya ɗauki makulli ya kai wa Zainulabidin.

"Ran zaɓe al'ada ce ta miƙa maka," in ji shi. "Yau ni ne."

Sauran dattawa shida suka ce sun bi. Malam Nu'uman ya shafa fatiha. A makon nan motoci goma sha ɗaya suka tashi daga Ojoo, shugaba yana cikin ta gaba, ya je ya gai da Kano da abin da Kano ke nema.

Haka aka yi, haka kuma yake a littafin ƙungiya da rubutun hannuna, har da laifina, ban rage komai ba. Na yi tunani a kai da yawa. Ikon kwana arba'in ya isa ya soke tafiya, ya hukunta dillali, ya tura kwando, amma bai isa ya riƙe hannun wanda zai ɗauki kwandon ba. Da umarnin shugaba ya tafi daidai, da Waziri bai taɓa jin maganar tsohuwar nan da kunnensa ba, da an buɗe kasuwa an bar zuciyarsa a ɗaure. Allah ya haɗa gaggawar yaro da taurin kan tsoho da rowar magatakardan da ya kasa jefar da goro, ya fitar mana da alheri daga ciki. Ba dabarar kowa ba ce a cikinmu.

Yau shekara huɗu ke nan. Duk ƙarshen damina za ka tarar da Waziri a bakin rumfarsa da tabarau, ya baza hannunruwa a faifai, yana ware masu gida huɗu ɗaya bayan ɗaya. In ka tsaya zai gaya maka cewa abu ne marar daɗi, bai san abin da mutane suka gani a cikinsa ba. In ka ɗan ƙara tsayawa za ka ga bakinsa yana motsi.